Yadda Ake Kare Kai Tsakanin Musayar Yarjejeniya da Karɓar Makullin Gida a Ingila

A Ingila da Wales cinikin gida yana da manyan ranaku biyu. Ta farko ita ce ranar musayar yarjejeniya, wadda lauyan mai saye da na mai sayarwa suke tabbatar wa juna, galibi ta wayar tarho, cewa takardun da ke hannunsu iri ɗaya ne kuma an sanya musu hannu, su rubuta kwanan wata, mai saye ya biya kafin alƙalami. Ta biyu ita ce ranar kammalawa, wadda ragowar kuɗin ke shiga asusun lauyan mai sayarwa, dillali ya miƙa makulli. Kafin ranar farko kowa yana iya fasawa ba tare da ya biya ɗan'uwansa ko sisi ba, amma daga lokacin da aka yi musayar ciniki ya faɗa, ba kuma ja da baya. Tazarar da ke tsakanin ranakun biyu takan kama daga mako ɗaya zuwa huɗu, kuma idan ba a rubuta wata rana ba, ƙa'idojin da yawancin lauyoyi ke aiki da su, waɗanda ake kira Standard Conditions of Sale, sun sanya ranakun aiki 20. Scotland tana da nata tsarin daban, don haka bayanin nan bai shafe ta ba.

Abin da nake so mai saye ya riƙe shi ne, a cikin waɗannan kwanaki nauyin gidan ya riga ya hau kansa alhali makulli yana aljihun wani. Mutane da yawa suna ɗaukar ranar musaya a matsayin ƙarshen wahala, sai su saki jiki a daidai lokacin da kuskure ya fi tsada. Mafi yawan kariyar da za a iya samu kuwa kafin musayar ake gina ta, shi ya sa matakan farko suka faro daga can.

Mataki na farko: kada ka ba lauya izinin musaya sai kuɗin sun tabbata

Lauyanka ba zai yi musaya ba sai ya tuntuɓe ka ka ce ya yi, kuma wannan ita ce dama ta ƙarshe da kake da ita ta cewa a dakata. Kafin ka amsa, ka tabbatar takardar tayin lamuni daga banki tana hannu a rubuce, ba takardar amincewa ta farko da ake bayarwa lokacin neman gida ba, sannan ka duba ranar da tayin zai ƙare, domin yawanci wata uku ne zuwa shida. Idan ranar kammalawa ta faɗo dab da ƙarshen wa'adin, a nemi ƙari a rubuce tun yanzu. Wanda ya bi ta hanyar bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Gatehouse Bank, ya sani cewa a tsarinsu bankin yana shiga cikin sayen gidan ne a matsayin abokin tarayya, kuma sau da yawa yana da nasa lauyan da nasa sharuɗɗan, saboda haka sai an ji ta bakinsu kafin a tsayar da rana.

Ga wanda wani kaso na kuɗinsa zai fito daga gida, ko ta sayar da fili a Kano ko gudummawar iyaye daga Abuja, shawarata a nan ba ta da sassauci: kuɗin su zama fam, su zauna a asusunka na Birtaniya, lauya ya gama binciken asalinsu, sannan a yi musaya. A watan Yunin 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya tsarin canji, naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ɗaya zuwa sama da 700 kafin watan ya ƙare. Wanda ya ɗaure kansa da yarjejeniyar fam yana riƙe da naira a irin wannan wata, giɓin da zai buɗe masa ba ruwan mai sayarwa da shi. Ban da canji, dokar hana halatta kuɗin haram ta wajabta wa lauya ya ga takardun da ke nuna inda kuɗin suka fito, kuma idan kyauta ce daga dangi za a buƙaci wasiƙar da ke tabbatar da cewa kyauta ce ba rance ba, da shaidar wanda ya bayar. Kuɗin da suka biyo ta hannun ɗan canji ba tare da takarda ba suna iya maƙalewa a wannan bincike na makonni. Mai asusun Lifetime ISA, wato asusun ajiya da gwamnatin Birtaniya ke ƙara wa kuɗi don sayen gidan farko, shi ma ya ba da lokaci, domin fitar da kuɗin yana iya ɗaukar kwana 30, kuma ana so a kammala cinikin cikin kwana 90 bayan sun fito.

A wannan matakin ne kuma za a lissafa harajin sayen gida na Ingila, wanda ake kira Stamp Duty Land Tax. Wanda ya mallaki wani gidan zama a ko'ina cikin duniya da darajarsa ta kai fam 40,000 yana iya faɗawa cikin ƙarin kashi 5 cikin ɗari, sai dai idan ainihin gidan da yake zaune ne ya sayar yake maye gurbinsa, wanda kuma ba a ɗauke shi mazaunin Birtaniya ba yana da ƙarin kashi 2 cikin ɗari. A gidan fam 300,000, na farkon fam 15,000 ne, na biyun fam 6,000. Ka faɗa wa lauyanka gaskiyar abin da ka mallaka a Kaduna ko Maraɗi tun da wuri, don kada lissafin ya same ka bayan ka riga ka ɗaure.

Mataki na biyu: karanta yarjejeniyar da kanka

Kafin alƙalami a al'ada kashi 10 cikin ɗari ne na farashin gida. Ana iya daidaitawa a karɓi kashi 5, amma wannan sassauci ne na biya kawai, domin idan ka kasa kammalawa za a bi ka cikon kashi 10 ɗin. Ka tambayi yadda za a riƙe kuɗin. Abin da ya fi aminci shi ne lauyan mai sayarwa ya riƙe su amana har ranar kammalawa, sai dai ƙa'idojin sun yarda mai sayarwa ya yi amfani da su a matsayin nasa kafin alƙalamin idan shi ma gidan zama yake saye a Ingila ko Wales, wato kuɗinka suna iya wucewa gaba zuwa hannun lauyan wani da ba ka taɓa jin sunansa ba. Ka duba sa'ar da aka sanya don isar kuɗi, wadda a ƙa'ida ƙarfe 2 na rana ce, ko da yake lauyoyi da yawa suna dawo da ita ƙarfe 1 ko 12. Ka duba cewa an rubuta za a miƙa gidan babu kowa a ciki, kuma duk baligin da ke zaune tare da mai gidan ya sanya hannu cewa zai tashi. Idan ɗan haya ne a ciki, abin da ya fi shi ne ya riga ya fita kafin musaya. Takardar TA10, wadda ta jera abin da za a bari da abin da za a ɗauke, tun daga labule har murhun girki, ta zama ɓangaren yarjejeniyar, don haka abin da aka yi maka alkawarinsa da baki ka sa a rubuta shi a cikinta.

Mataki na uku: inshorar gini ta fara aiki ranar musaya

Wannan shi ne wurin da aka fi yin sakaci, kuma shi ne mafi girman haɗari. Tun daga bugu na biyar na ƙa'idojin da na ambata, wanda ya fito a 2011, gidan yana zama a wuyan mai saye daga ranar yarjejeniya, kuma ba a wajabta wa mai sayarwa ya ci gaba da biyan inshora ba sai an rubuta hakan. Ma'anarsa a fili ita ce, idan gobara ta cinye gidan kwana uku bayan musaya, ko ambaliya ta shiga, ko iska ta yaye rufin, za ka biya cikakken farashin da aka yi ciniki a kai, ka karɓi abin da ya rage. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne bankin da ya yi alkawarin lamuni a kan gida lafiyayye yana iya ƙin sakin kuɗi a kan kango.

Saboda haka ka nemi inshorar kwanaki kafin musaya, ka shirya ta yadda za ta fara aiki a ranar, ka aika wa lauya takardar shaida. Adadin da ake sanyawa shi ne kuɗin sake gina gidan daga tushe, wanda ya bambanta da farashin kasuwa, kuma ana samunsa a rahoton masanin da ya duba ginin ko a takardar kimantawar banki. Ka faɗa wa kamfanin inshora a sarari cewa ka yi musaya amma ba ka tare ba, ka faɗa musu idan gidan babu kowa a ciki, domin yawancinsu suna rage kariya ga gidan da ya daɗe a rufe, kuma ɓoye wannan yana iya sa su ƙi biya ranar da aka fi bukatarsu. A lokacin hunturu bututun ruwa yakan daskare ya fashe a gidan da ba a kunna masa ɗumi, ruwa ya yi ta zuba kwanaki ba wanda ya sani. Idan gidan a rufe yake, a roƙi mai sayarwa ta bakin lauya ya bar na'urar ɗumama gida a kunne kaɗan ko ya rufe ruwan daga tushe.

Mai sayen ɗaki a cikin babban bene, wanda mallakarsa ta tsawon wasu shekaru ce, yanayinsa daban ne, domin mai ainihin ginin ko kamfanin da ke kula da shi ne ke yi wa ginin duka inshora. Aikin lauya a nan shi ne ya ga takardar, ya tabbatar tana aiki kuma ta wadatar.

Mataki na huɗu: kada ka taɓa komai a sha'anin kuɗinka

Tayin lamuni ba alkawarin da ba ya warwarewa ba ne. Banki yana da ikon sake duba tarihin bashinka har zuwa ranar da zai saki kuɗi, kuma yana iya janyewa idan yanayinka ya canza ko ya gano bayanin da bai dace da wanda ka bayar ba. Saboda haka a cikin waɗannan makonni kada ka ajiye aiki ko ka koma wani, kada ka ɗauki mota ko kujeru da gado a bashi, kada ka buɗe sabon katin bashi, kada wani biyan wata ya wuce ka. Na san zumuɗin gyara sabon gida yana da ƙarfi, musamman ga iyalin da suka daɗe a haya, amma kayan ɗaki za su jira mako uku. Idan aka sallame ka daga aiki a tsakani, wajibi ne ka sanar, kuma lauyanka, wanda galibi shi ne lauyan bankin a cinikin, ba zai iya rufa maka asiri a kan haka ba.

Akwai kuma maganar da ba a son yi. Mutuwa ba ta warware yarjejeniyar. Idan mai saye ya rasu, nauyin kammalawa yana komawa kan dukiyar da ya bari, alhali tayin lamunin da aka yi da sunansa ba zai ci gaba ba. Idan mai sayarwa ne ya rasu, masu kula da gadonsa ne za su kammala, kuma samun izinin kotu yana iya jawo jinkiri mai tsawo. Wanda ya yi niyyar yin inshorar rai ko takaful, ya sa ta fara daga ranar musaya.

Mataki na biyar: tsare kuɗin daga 'yan damfara

'Yan damfara sun san cewa a wannan tsakani ne mutum ke tura kuɗi mafi yawa a rayuwarsa. Hanyarsu ita ce su kutsa cikin imel ɗin mai saye ko na dillali ko na ofishin lauya, su yi shiru suna karanta saƙonni har ranar biya ta matso, sannan su turo saƙo mai kama da na lauya, da tambarinsa da sunan ma'aikacin da ka saba da shi, cewa an canza asusu kuma a hanzarta. Abin ya yi yawa har lauyoyin Ingila suka sa masa sunan damfarar yammacin Juma'a, saboda ita ce ranar da aka fi kammala ciniki, kuma kafin a farga ranar Litinin kuɗin sun yi nisa.

Maganinsa yana da sauƙi idan aka bi shi ba tare da togiya ba. Ka karɓi lambar asusun lauya tun farkon aiki, a takarda ko a ofishinsa. Kafin ka tura kuɗi, ka kira ofishin da lambar wayar da ka samo da kanka, ba wadda ke cikin saƙon ba, a karanta maka lambar asusun. Ka fara tura ɗan kaɗan, ka sake kira a tabbatar ya shiga, sannan ka tura sauran. Idan bankinka ya nuna cewa sunan mai asusun bai dace da wanda ka rubuta ba, ka tsaya nan take. Duk saƙon da ya ce an canza asusu ka ɗauke shi ƙarya har sai ka ji akasin haka da kunnenka. Tun 7 ga Oktoban 2024 akwai dokar da ta wajabta wa bankuna mayar wa wanda aka damfara ta wannan hanya kuɗinsa, amma iyakarta fam 85,000 ne, tana da sharuɗɗa, kuma ba ta shafi kuɗin da aka tura ƙasar waje ba, ga shi binciken ba zai ƙare kafin ranar kammalawarka ba. Ka kuma tambayi bankinka iyakar abin da za ka iya turawa a rana, domin da yawa sai ranar biya suke gano cewa sai sun je reshe da kansu.

Mataki na shida: zaɓen rana da sanin waɗanda ke gabanka

Sau da yawa wanda ya sayar maka shi ma da kuɗinka zai sayi nasa, wancan ma haka, har a yi jerin gwano na gidaje huɗu ko biyar da dole kuɗi su bi ta cikinsu a rana ɗaya. Ana tura kuɗin ne ta tsarin CHAPS, wanda ke isar da su a ranar, amma kowane lauya sai ya ga sun shigo kafin ya tura gaba. Tsarin kansa ya taɓa tsayawa: a ranar 20 ga Oktoban 2014 na'urar biyan kuɗi ta Babban Bankin Ingila ta yi sa'o'i ba ta aiki, masu ƙaura suka yi ta jira da kayansu a mota. Don haka na fi son ranar Talata ko Laraba, domin idan aka sami tangarɗa akwai washegari ta aiki, ba kamar Juma'a ba da za ta kai ka Litinin, ga kuma hidimar masallaci a daidai sa'ar da ake jiran kira. Ka roƙi lauya ya nemi kuɗin banki su iso kwana ɗaya kafin ranar, kai ma ka tura naka da wuri. Mai zama a gidan haya kada ya ba mai gida sanarwar tashi sai bayan musaya, kuma ya bar 'yan kwanaki su haɗu, ko da zai biya haya da lamuni tare na mako guda. Tazarar da ta fi dacewa a ganina ita ce mako ɗaya zuwa biyu, wadda ta isa shiri ba ta kuma yi tsawon da ƙaddara za ta sami wurin shiga ba. Ana iya yin musaya da kammalawa rana ɗaya, wanda ke kawar da yawancin haɗarin nan, sai dai ba ka da tabbacin komai har safiyar ranar.

Gidan da ba a gama ginawa ba ya fi kowanne tsawon tazara, domin kamfanonin gini sukan nemi a yi musaya cikin kwana 28, kammalawa kuwa sai sun aiko da sanarwa bayan watanni. A nan ka nace a rubuta ranar ƙarshe wadda idan ta wuce ba a gama ba kana da ikon fasawa ka karɓi kuɗinka, ka tabbatar akwai garanti irin na NHBC, cibiyar da ke ba sababbin gidaje garanti, da ke kare kafin alƙalami idan kamfanin ginin ya durƙushe, ka kuma sa ido kan wa'adin tayin lamuninka.

Mataki na bakwai: binciken ƙarshe da ziyarar gidan

Dab da kammalawa lauya zai yi bincike a ofishin rajistar filaye, HM Land Registry, wanda ke nuna ko an ɗora wa gidan wani sabon bashi, yana kuma ba ka fifiko na ranakun aiki 30 da ba wanda zai riga ka yin rajista. Zai kuma bincika wa banki ko an ayyana ka a matsayin wanda ya karye, wato ya kasa biyan basussukansa. Naka aikin shi ne ka nemi izinin shiga gidan kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, da takardar TA10 a hannu, ka ɗauki hotuna. Doka ta ɗora wa mai sayarwa kula da gidan gwargwadon hankali har ya miƙa shi, saboda haka ɓarnar da ta faru ta sakacinsa yana iya biya, amma neman haƙƙi ya fi sauƙi tun kuɗin ba su bar hannun lauyanka ba. Idan an ba ka makulli da wuri don yin fenti ko aune-aune, a yi shi da rubutacciyar yarjejeniya, kuma kada ka fara rushe-rushe a gidan da bai zama naka ba tukuna.

Idan ranar ta zo ba a kammala ba

Jinkirin kwana ɗaya ba ya rusa ciniki, amma wanda ya jawo shi zai biya diyya ta kowace rana bisa adadin da aka rubuta, wanda galibi kashi 4 cikin ɗari ne a kan ma'aunin ruwan bankin Barclays. Idan adadin ya kama kashi 8 a shekara, a kan ragowar fam 270,000 kusan fam 59 ke nan kullum, ban da kuɗin otal da na masu kwasar kaya da ɗaya ɓangaren zai iya nema. Ga mai guje wa riba wannan ma dalili ne na kiyaye rana. Ɓangaren da ya shirya yana iya aiko da sanarwar a kammala, wadda ke ba da ranakun aiki 10, kuma da zarar ta iso, wanda ya biya ƙasa da kashi 10 dole ya cika nan take. Idan wa'adin ya cika mai saye bai biya ba, mai sayarwa yana iya soke cinikin, ya riƙe kafin alƙalamin duka, fam 30,000 a gidan fam 300,000, ya sayar wa wani, idan kuma ya faɗi a farashi ya bi ka sauran asarar. Sashe na 49 na dokar kadarori ta 1925 ya ba kotu ikon umartar a mayar da kafin alƙalami, amma da wuya kotunan ke yin hakan. Idan mai sayarwa ne ya ƙi, kana iya sokewa ka karɓi kuɗinka da diyya, ko ka nemi kotu ta tilasta masa miƙa gidan. Duk lokacin da ka hango matsala, ko da ta kwana ɗaya ce, ka kira lauyanka a ranar, domin ana iya daidaitawa a ɗage rana idan an yi magana da wuri.

Ranar kammalawa ka bar wayarka a kunne, kada ka nufi ofishin dillali sai lauya ya kira ya ce kuɗi sun isa an saki makulli. Da shigarka ka ɗauki hoton mitar wuta da ta gas da ta ruwa, ka zagaya ɗakunan da takardar TA10, ka canza kwaɗon ƙofofin waje, ka sanar da kamfanin inshora cewa ka tare don a ƙara da kayan cikin gida. Lauya yana da kwana 14 ya shigar da takardar haraji ya biya, sannan ya gabatar da rajistar sunanka kafin ranakun fifikon nan 30 su ƙare, kuma ka nemi ya aiko maka da kwafin rajistar idan ta fito ka duba sunanka da adireshinka.